Hotunan maƙabartar shahidai: a yaɗa ko a bari?

Duk sa'ad da watan Disamba ya kama, akwai hoton da ke dawowa cikin wayoyin ƴan Nijar: jerin kaburbura a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai, wurin da ake kira Carré des martyrs, wato maƙabartar shahidai. A nan aka yi wa askarawa 71 sutura bayan harin Inates na ranar 10 ga Disamban 2019. Wani ya ɗora hoton a WhatsApp tare da addu'a, wani ya tura shi daga wannan guruf zuwa wancan, wani kuma ya ce don Allah a bar bayin Allah su huta. A fadojin Maraɗi da Damagaram, gardamar takan kai har shayi na uku ba a daidaita ba.

Masu cewa a bari suna da hujja mai nauyi. A al'adar Bahaushe da koyarwar Musulunci, haƙƙin mamaci na farko shi ne sutura, kuma ziyarar kabari don addu'a ce da tuna lahira. Hoto kuwa, da zarar ya shiga waya, sai ya zauna tsakanin bidiyon barkwanci da tallar atamfa, a wuce shi da ɗan yatsa. Akwai kuma iyalai. Matar da aka bari da marayu ba ta zaɓi ranar da za ta sake ganin wurin ba. Buɗe waya kawai ta yi, aka fama mata miki.

Sai dai gardamar tana yawan cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, hoton gawa da hoton kabari. Bayan kwanton ɓaunar Tongo Tongo na ranar 4 ga Oktoban 2017, inda sojojin Amurka 4 da ƴan Nijar 5 suka rasa rayukansu, masu biyayya ga ƙungiyar IS sun fitar da bidiyo a watan Maris na 2018 da hotunan da suka samu daga kyamarar hular ɗaya daga cikin sojojin. Irin wannan an shirya shi ne don a tsorata jama'a, kuma duk wanda ya tura shi gaba ya yi wa maharan aiki kyauta, ko da da kuka ya tura. Hoton maƙabarta ba haka yake ba. An riga an wanke, an sallata, an rufe. Abin da ya rage a ciki shi ne yawan kaburburan, kuma yawan nan ne bai kamata ƙasa ta manta ba.

Akwai wani abin da masu ƙin yaɗawa ba su cika dubawa ba. Maƙabartar tana cikin sansanin soja ne, ba wurin da mutum zai tsaida babur ya shiga ya yi fatiha ba. Askarawan Nijar kuwa daga ko'ina cikin ƙasa suke fitowa. Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900. Tsohon da ɗansa ke kwance a can, in ba shi da kuɗin mota da masauki da wanda zai yi masa hanya, wataƙila hoton nan ne kaɗai ziyararsa. Hana shi gani da sunan kare shi ba tausayi ba ne.

Abin lura ma, hotunan wurin da aka fi sani an ɗauke su ne ranakun da manya suka je: ranar jana'izar, da gawarwakin lulluɓe da tutar ƙasa, sai ziyarar shugabannin G5 Sahel ranar 15 ga Disamban 2019, sai ta shugaban Faransa Emmanuel Macron mako guda bayan nan. A yawancinsu fuskokin shugabanni ne a gaba, kaburbura a baya. Ba a ji an yi ƙorafi sosai kan wannan ba; talaka ne in ya tura ake tambayar niyyarsa.

Nijar tana da wani wurin tunawa da kusan ba shi da maziyarci sai ta hoto. Ranar 19 ga Satumban 1989 bam ya tarwatsa jirgin DC-10 na kamfanin UTA a sararin Tenere, bayan ya tashi daga N'Djamena zuwa Paris, mutane 170 suka mutu. A 2007 ƙungiyar iyalan mamatan, tare da ma'aikata ƴan ƙasa, ta shimfiɗa baƙaƙen duwatsu cikin rairayi a siffar jirgi a tsakiyar da'ira, da fasassun madubai 170, aka kafa fiffiken jirgin ɗauke da sunaye. Da gangan suka yi shi yadda za a hango daga sama. Duniya ta san shi ne ta hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth. A nan iyalan da kansu suke so a gani, domin mantuwa ce suke tsoro.

Inda ɓarnar take shi ne abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton, da abin da ake ƙin rubutawa. Hoton kaburbura ba kwanan wata, ba sunan wuri, yana iya dawowa bayan shekaru da taken "abin da ya faru jiya". Uwar da ɗanta ke fagen daga a Tillaberi ko Diffa ta gani, ta kira lambarsa ba ta shiga, ta kwana ba barci a kan labarin da ya tsufa. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, mamatan sun zama hujjar siyasa: wannan ya ɗora hoton don ya nuna gazawar gwamnatin da ta shuɗe, wancan ya ɗora don ya nuna ba abin da ya canza. Duk su biyun ba addu'a ce ta dame su ba. Ga kuma masu tsayawa gaban wurin tunawa su gyara hula su ɗauki kansu. Wannan ba ciwon Nijar kaɗai ba ne, don a 2019 sai da gidan tarihin Auschwitz a Polan ya roƙi maziyarta su daina ɗaukar hoton wasa a kan layin dogon da aka riƙa kawo mutane wurin kisa.

Mai turawa ya kamata ya san doka ma tana kallo. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda hukumomin CNSP suka tsananta a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da ka iya tada zaune tsaye ko ya taɓa mutuncin ɗan'adam. Kalmomin suna da faɗi, kuma ƙungiyoyin ƴan jarida sun koka da hakan. Hoton gawa ko taken ƙarya suna iya faɗawa ciki ba wuya. Zai zama abin kunya kuwa in tsoron dokar ya sa mutane suka daina ambaton waɗanda suka faɗi.

Saboda haka hoton maƙabartar Yamai ya cancanci yawo, muddin yana tafe da ranarsa da wurinsa da adadinsa, ba fuskar mai ɗauka, kuma ba a tura shi kai tsaye ga iyalin da bai nema ba.

Wannan gardama ma a kan waɗanda suka samu hoto ake yin ta. Ranar 2 ga Janairun 2021 an kashe fararen hula kimanin 100 a Tchomabangou da Zaroumdareye. Ranar 21 ga Maris na shekarar an kashe 137 a Intazayene da Bakorat da Wistane, cikin gundumar Tillia ta jihar Tawa, adadin da ya kusa ninka na Inates. An yi zaman makoki na kwana 3 a faɗin ƙasa. Kaburburansu suna can cikin daji inda aka rufe su, nesa da kyamara, kuma watan Maris yakan zo ya wuce ba a ga komi a wayoyi ba.