Hirar Tsakar Gida: Ranar zubi idan damana ta kankama

Zafi dai sai haƙuri. Kwanan ɗaki ya gagara, kowa ya baje tabarma a tsakar gida, ruwan randa ma kamar an ɗora shi bisa wuta. To amma iska ta fara juyawa. Duk mai tashi da asuba ta ji wata ƴar iska mai laima tana busowa daga kudu, shamuwa ta dawo tana kai kara bisa itatuwa, ƴan cin rani kuma sun fara sauka a tasha da jakunkunansu. Damana ta ƙwanƙwasa ƙofa ke nan. Shi ya sa nake so yau mu taɓa wata magana da muke bari kullum sai ruwa ya riske mu, watau ranar zubi da lokacinta.

Kowace ƙungiya ta san abin da zan faɗa. Da rani taro cike yake, har wata ta rasa wurin zama sai ta ɗosana bisa turmi. Da zarar an yi ruwan shuka, tabarma sai ta fara yin fili. Wannan sati mutum biyu ba su zo ba, na gaba biyar, kafin a kai noman farko shugaba ce da ma'ajiya da mai rubutu ke zaune suna kallon akwati. Akwatin kuma kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku. In ɗaya tana can gona ba ta dawo ba, ko ƙorama ta kawo ta tsare ta a ƙetare, to ranar nan babu buɗewa. Wadda ta zo da zubinta ƙulle a bakin zane ta koma da shi, kuma mun san kuɗin da ya koma gida ba ya kwana biyu. Gishiri ya ci dala 10, sabulu ya ci sauran.

Na sha jin ana cewa sakaci ne. Ni ban yarda ba. A duba wunin mace ta karkara da damana. Kafin kiran salla tana bakin turmi, don furar da za a kai gona ba ta jiran hantsi. Ta ɗebo ruwa, ta sallami bisashe, ta goya na goyo, ta ɗauki ƙwarya ta bi hanya. A garuruwa da yawa ita ma da haiwarta a gandu, kafaɗa da kafaɗa da maza, sai rana ta take. Gamanarta kuwa, wadda daga cikinta gujiya da wake da kuɓewar miyarta za su fito, wadda kuma daga cikinta za ta biya bashin asusu da kaka, sai abin da ya rage na wuni take samu. Ta dawo ta tarar da icce a jiƙe, hayaƙi ya cika mata ido kafin tukunya ta tafasa. Ga maigida ya dawo daga cin rani, baki ya ƙaru, wanki ya ƙaru. Damanarmu duka wata 3 ce zuwa 4, ciyawa kuma ba ta san an gaji ba, in ka ba ta sati guda ta shaƙe hatsi.

Ta birni ma ba ta tsira ba, ko da ba ta riƙe haiwa. A Yamai ko Maraɗi ruwan awa guda ya isa ya mai da titin unguwa tafki, ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi ko ya ce ba ya shiga. Yara na hutun lakwal, suna gida wuni zubur. Mai tuyar masa ko ƙosai a bakin hanya kullum idonta na sama.

To a cikin wannan wunin, wane lokaci muka sa taro? Yawancinmu bayan la'asar. Lokacin gamana ke nan daidai. Kuma hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, ya fi son yamma zuwa dare. Kowa ta san shi: gabas ta yi ja, ƙura ta taso kamar bango, sai gudu, a kwashe shanya, a kora awaki, a rufe murhu, a ƙirga yara. Wace mace za ta zauna ƙirgar sulalla a wannan hali? Mun zaɓi la'asar ne da rani, lokacin da zafi ya hana fita da rana kuma gona ba ta kira. Ta yi daidai a lokacinta. Mu muka sa ta da bakinmu, mu ne kuma ke da ikon ɗage ta, amma sai mu riƙe ta shekara zagaye kamar gadon kaka, har ƙungiya ta rame.

Abin da ya sa na damu shi ne, damana ce lokacin da aka fi bukatar akwatin nan ya buɗe. Watan 7 da na 8 rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, sabon bai nuna ba. Ana bukatar iri in shukar farko ta ƙone, ana bukatar ɗan taki, ga zazzaɓin sauro yana kwantar da yara. Macen da ta zo neman jika 5 ta tarar akwati rufe, ba za ta koma ta zauna ba. Wurin mai kuɗi za ta je, ta ci bashi a kan amfanin da bai ko fid da kai ba, ta biya da kaka lokacin da hatsi da wake suke araha. Shekara guda ta zuba don gudun wannan ranar, ranar ta zo kuma makulli na gona. Kada mu manta, tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya faro cikin 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma matan karkara ne suka fara shi, masu turmi da gona irin namu. Don kwanakin ƙunci aka yi shi.

Akwai masu cewa a dakatar da taro gaba ɗaya sai kaka. Wasu ƙungiyoyi haka suke yi, su raba kuɗi gab da shuka, kowa ta sayi iri da abinci, su huta. In an zauna an yanke haka a gaban kowa, ba ni da ta cewa, sai dai in roƙi a bar asusun taimako a buɗe kuma a san hannun wa yake, saboda ciwo ba ya hutun damana. Abin da ke kashe ƙungiya shi ne wanda ba a yanke ba: ba a ce an dakata ba, ba a kuma zuwa. Da kaka sai a dawo ana tambayar wa ta zuba sati nawa, littafi ya faɗi ɗaya, baki ya faɗi wani, a tashi baram-baram.

Wasu kuma su ce ai aike ya isa, a ba yarinya ta kai, ko a tura ta salula tunda yanzu hanyar ta samu. Sau ɗaya, sau biyu, babu laifi, lalura ce. Amma ƙarfin asusu a ƙirga a gaban ido yake. Ma'ajiya mutuniyar kirki ce, mun sani, kuma don ta ci gaba da zama haka a bakin mutane ne ake ƙirgawa kowa na kallo. In kuɗi suna ta shigowa a hannun yara da cikin waya, nauyin zargi duka a kanta zai sauka ita kaɗai. Ban da haka, dala 50 ɗin da aka aiko ba za ta gaya mana cewa mai ita kwana uku ke nan tana kwance ba. Zumunta a ƙafa take.

Batun tara kuwa, na ga inda aka ce a ninka ta da damana don mata su ji tsoro. Ni dai ina ganin wannan ƙara wa mai kaya kaya ne. Wadda ta rasa sati biyu, ga zubi ya taru, ga tara ta taru, kunya ce za ta hana ta zuwa na uku. Ta hango shugaba a bakin rijiya ta sauya hanya. Haka ake rasa mutum a kan dala 20.

Abin da nake ba da shawara ba wani babba ba ne. A taro na gaba, tun sama ba ta zuba ba, a ware ɗan lokaci kowace mace ta faɗi da bakinta ranar da take samun sarari. Kada manya su yanke wa sauran, don mai surukai da jikoki masu taya ta aiki ba wuninsu ɗaya ba da amarya mai goyo. A garuruwan da ba a fita gandu ran Juma'a, hantsin Juma'a ya fi kowane lokaci: an gama daka, maza na shirin masallaci, hadari bai cika tasowa ba. Wasu wurin washegarin kasuwa ya fi musu, don kuɗi na hannu. Kowane gari da nasa. Sannan a yanke tun yanzu abin da za a yi in ruwan shuka ya faɗo a ranar zubi, domin ranar nan ko sarauniya ce ta kira taro ba mai zuwa. A ce misali an ɗaga zuwa jibi a lokaci guda, kowa ta sani, ba sai an bi gida gida ba. Makullai kuma na damana a ba waɗanda ke kwana cikin gari, ban da mai ƙaura zuwa bukkar gona ko wadda ke ƙetaren gulbi. A nemi zaure ko rumfa mai kwano, a bar gindin bedi sai rani.

Littafin lissafi a sa shi cikin leda biyu, a ɗaga akwati daga ƙasa. Ba mu manta damanar 2024 ba, da gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a jihar Maraɗi da sauran wurare, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa lakwal har ƙarshen watan 10. Takardar kuɗi in ta jiƙe ana shanya ta, tawadar littafi in ta narke shi ke nan.

A taƙaita taron ma. Zubi, biyan bashi, ba da bashi, ƙirga, rufewa. Rigimar ankon biki da ta wa ta ce wa ta ce su jira kaka. Abu guda ne ba na so a yanke don sauri, shi ne zagayen gaisuwa, inda ake tambayar kowa ya gida ana kuma tsayawa a ji amsa. Wasu na ganinsa ɓata lokaci. A nan ne fa ake jin cewa gamanar wance har yau ba a nome ta ba tun da mijinta ya rasu, sai mata biyar su ce ran Lahadi da yamma mu yi mata gayya. A nan ake lura mai ciki ƙafarta ta kumbura, a matsa mata ta je awo. A nan kuma ya kamata mu riƙa tuna wa juna maganin rigakafin zazzaɓi na damana, wanda ma'aikatan lafiya ke bi gida gida suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Maganin na kwana 3 ne. Na ranar farko a gabansu ake sha, na sauran kwana biyu a hannun uwa suke bari. Waɗannan biyun ne ke kwana cikin ƙwarya ko bisa kan ƙofa, don uwa ta fita da duhu ta dawo da duhu. Ba ya ɗaukar lokacin da ake ɗauka a wanke ludayi, amma sai an tuna. Yaro guda ya kwanta a tsakiyar noma, an rasa kwana huɗu a likita da kuɗin da ya fi zubin wata biyu. In shugaba ta tambaya kowane taro, wa ke da sauran ƙwaya ba ta ba ɗanta ba, ta yi aikin da ya fi tara amfani.

Saura gida. Ranar da aka tsayar a gaya wa maigida ita tun yau, cikin daɗin rai, lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba ranar da yake saɓe da haiwa yana jira ba. Yawancinsu sun san daga ina kuɗin iri ya fito bara, ko ba su faɗa ba. Inda ake zaman lafiya da abokiyar zama, musanyar girki na wannan hantsi ba abin kunya ba ne, ke ma ki rama mata ranar da take bukata. Kada dai mu ce mun samu lokaci alhali duk aikin mun juye shi bisa ɗiya mace ƴar shekara 10, ta yi daka, ta yi raino, ta yi talla, yayyenta maza na ƙwallo a fili. Su ma hannu gare su, guga ba ya tambayar wa ke ja.

Akwai kuma wata kyauta da damana ke yi mana da ba mu cika karɓa ba. Cikin marka, akwai safiyar da ruwa zai kama tun asuba yana tsiyaya, ba gona, ba kasuwa, ba inda za a je. Sai ka ga mace ta rasa sukuni, ta fara kwance buhu, ta jawo tsumma tana ɗinki, kamar zama laifi ne. Haba ƴar uwa. A dafa ɗan wake ko a dama kunu mai zafi, a jawo yara kusa, a yi wa ƙaramar kitso ana ba su gatana, a ji abin da babban ke ƙunshe da shi a ciki tun da aka ba su sakamakon jarrabawa. In barci ya zo a yi shi. Gobe rana za ta fito, ciyawa na can tana jira.

Ƙungiyar da ta sauya rana ko lokaci, don Allah ta sanar da mai kawo mata wannan takarda, don masu zagaye kada su zo su tarar da tabarma babu kowa. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da ambaliya. A gaida yara.