Gilashi mai sauya launi: Ko zai yi maganin zafin Illela?

A garin Illela na jihar Sakkwato, wanda ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, zafin rana kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Duk da haka, sababbin gidaje da shagunan da ake ginawa a yankin, kamar a sauran garuruwan arewa, sai ƙara faɗin tagogin gilashi suke yi a ƙarƙashin rufin kwano. Gilashi kuwa yakan bar rana ta shigo, sa'annan ya riƙe zafin a cikin ɗaki.

Wannan matsala ce kamfanonin ƙasashen da suka ci gaba ke cewa sun magance, da gilashin da ke sauya launi idan an taɓa makunni.

Sai dai fasahar iri biyu ce, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko wata leda ce da ake mannawa a jikin tagar da ake da ita. Idan an ba ta wuta sai ta yi garau, idan an ɗauke sai ta yi dishi-dishi kamar an shafa mata madara. Aikinta shi ne kare idon jama'a, abin da zai ja hankalin magidantan da ke son haske ba tare da na waje ya leƙa iyalinsu ba. A inda ake yawan ɗauke wuta ma abin ya yi daidai, domin da zarar wuta ta tafi tagar za ta rufe kanta. To amma zafin da take tarewa bai taka kara ya karya ba.

Ta biyun ita ce ke maganin zafi. Gilashi ne da ke yin duhu sannu a hankali da 'yar wuta kaɗan, irin wanda ke tagogin jirgin sama na Boeing 787. Shi ba a manna shi, sai an cire tsohuwar taga baki ɗaya, kuma yana da ɗan karen tsada. Ko a Amurka, kamfanin View, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shi, ya nemi kariyar kotu a shekarar 2024 bayan da bashi ya yi masa katutu.

Ga mutumin Illela, batun ya ta'allaƙa ne ga aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, tayar da janareta domin na'urar sanyaya ɗaki ya gagari jama'a da dama, saboda haka duk abin da zai rage zafi abin maraba ne. Amma daga waje ake shigo da wannan gilashi, da dala, ga shi kuma darajar Naira ta faɗi warwas daga wannan shekara. Kasuwancin garin ma ya sha wuya sakamakon rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar.

Abin da ya fi kusa da ƙarfin mai matsakaicin hali shi ne baƙar ledar nan da ake liƙa wa gilashin mota, da rumfa a saman taga, da kuma kauce wa buɗe manyan tagogi ta yamma.

A tsallaken iyaka, a ƙauyen Dandaji na jihar Tawa, an bi wata hanyar dabam. Masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a can a 2018, suka kuma mayar da tsohon ɗakin karatu. Da tubalin ƙasa da aka matse aka yi ginin, mai katanga mai kauri da kafofin shigar iska, wato dabarar da magina Hausawa suka daɗe suna amfani da ita wajen gina soro.