Ƙishirwar Damagaram

A shekarar 1926, sa'ad da Nasara suka ɗauke fadar mulki daga Zinder, wato Damagaram, suka mayar Yamai, ƙarancin ruwa yana cikin hujjojin da suka kafa, domin Allah cikin hikimarsa ya dasa birnin Zinder bisa dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa. Amma abin da hankali ya kasa ɗauka shi ne, tun 2011 ɗanyen mai yake malalowa ta bututu daga Agadem, tafiyar fiye da kilomita 400, zuwa matatar SORAZ ta Zinder, alhali kuwa matan unguwannin Birni da Zango suna kwana jiran 'yan garuwa da bazara. Hukumar da ta iya jawo mai daga hamada, wajibi ne a kanta, shar'an da aƙalan, ta wadata talakawa da ruwan sha da na alwala.