Mai Fasaha a Zauren Sarakuna

Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To, mai fasahar da ya zauna da sarakuna fa, me zai kwaso, ɗaukaka ko ɗaurin talala? Labarin wani mawaƙin Jamus da na wata maginiyar tukwane ta Suleja sun isa su ba da amsa.

Mawaƙin shi ne Goethe, wanda aka haifa a 1749. A 1775 Karl August, mai sarautar Weimar, ya gayyace shi fadarsa, daga bisani ya ɗora masa ayyukan mulki. Tun daga 1785 Goethe ya riƙa ziyartar Karlsbad, garin maɓuɓɓugar ruwan zafi da ake sha don magani, wanda yanzu ake kira Karlovy Vary a ƙasar Cek. Nan ne matattarar sarakuna da attajiran Turai: da safe a sha ruwa, da yamma a fita shan iska, da dare a yi liyafa da hira. A 1810, da Maria Ludovika, matar Sarkin Ostiriya, ta zo garin, shi ya tsara mata waƙar maraba da sunan mutanen gari.

Amma fa zuma da harbi take. Hidimar fada ta cinye masa lokacin rubutu, har a 1786 ya sulale daga Karlsbad da tsakar dare, bai yi sallama da abokan zama ba, ya nufi Italiya, inda ya yi kusan shekara biyu yana farfaɗo da basirarsa. A 1812 kuma, bayan sun sadu a Teplitz, shahararren makaɗin nan Beethoven ya yi masa shaidar cewa son fada ya yi masa yawa.

A nan gida, fadar Suleja ta nuna wata hanya dabam. Garin, wanda Abu Ja ya kafa a 1828, Abuja ne sunansa kafin sabon babban birnin tarayya ya karɓe sunan. Sarkin Zazzau Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ya tara tukwanen wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali a gidansa. A can Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila da gwamnati ta ɗauko don inganta ginin tukwane, ya gan su a 1950. A garin ya kafa makarantar ginin tukwane, Ladi kuwa ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Daga nan tukwanenta suka kai Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kana bayan rasuwarta a 1984 aka sa hotonta a takardar naira 20.

Abin lura shi ne, Sarki bai mai da Ladi bafadiya ba. Aikinta ya mallaka, ya ajiye shi inda baƙo zai gani, ya bar ta da yumɓunta. Goethe ya sami girma a fada, amma sai da ya gudu kafin ya sami kansa. Ladi kuwa fada ta zame mata ƙofa, ta bi ta wuce.

Saboda haka jan hankali ga masu sarauta da masu hannu da shuni: mawaƙa da marubuta da maƙera da masaƙa suna nan birjik a ƙasarku. Kyautar babbar riga tana ƙarewa, amma wanda aka buɗe wa hanya ya gama samu. A sayi aikinsu, a nuna wa duniya, a ƙyale su su yi sana'arsu. Su kuma masu fasaha su tuna, inuwar fada wurin hutawa ce, aikin yana can bakin maƙera.

Allah ya sa a gane, amin.