Wasiƙar Bakin Kogi: Gyambo Da Bagaruwa

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon filin da ka saba ba ni, domin in yi wa 'yan'uwa magana a kan gyambo.

Duk wanda ya zauna ƙasar Haɗeja ya san masunta da manoman shinkafa, masu wuni cikin ruwa. Ƙaya ta soki mutum a ƙafa, ya raina abin, sai ya zama gyambo. Ya sha kafso, ya yi allura, ciwo yana nan. Ina dalili?

Likitoci sun gane ƙwayoyin cuta sukan taru bisa miki, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar gansakuka a gindin randa. Yauƙin nan shi ne ganuwarsu. Magani ya kashe na waje, na ciki su saura. Ga kuma masu shan magani rabi da rabi, alhali tun 1945 Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi gargaɗi cewa ƙarancinsa yana koya wa cuta taurin kai. An ƙiyasta a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma bisa yawan jama'a Afirka ta Yamma ta fi kowa hasara.

To, ga bagaruwa a fadamunmu. Baurin nan nata da majema ke jeme fata da shi, masana suna kiransa tanin. A 2013 waɗansu masana a Amurka suka nuna wani irin tanin yana hana ƙwayar da ke kawo maruru kafa ganuwarta.

Amma a yi hattara, a ɗakin gwaji aka ga haka. Kada wani ya daka bagaruwa ya cusa a miki, ya ƙi asibiti.

Roƙona ga malamai da akawuna shi ne, kowa ya zauna da tsofaffin garinsu, ya rubuta sunan itace, da ɓangaren da ake ɗiba, da yadda ake haɗawa. A miƙa wa masanan Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, su auna, su rarrabe mai amfani da mai cutarwa. Tsofaffi suna ƙarewa, gatari yana cin itatuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Haza wassalam.

Naka,
Malamin Bakin Kogi, Haɗeja.