Sharif, Sani Sharif Da Akwatin Lefen Bilƙisu

Wannan makon da kunya na zo muku, kuma haruffa ne suka jawo mini ita.

Da aka sa ranar auren yayata Bilƙisu, sai gida suka ɗora mini buga katin gayyata, tunda ni ne "ɗan jami'a". Na shiga wani shagon buga takardu a Gusau, na ƙi duk samfurin da mai shagon ya nuna mini, na zaɓi wasu haruffa masu lanƙwasa kamar taliyar murji. Aka buga kati 200, na sa a jaka ban ko duba ba, na kama hanyar Magami.

Kawu ne ya fara karɓa. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, wanga akwati da anka aza tsakiyar sunan ɗiyata, na lefe na?"

Na karɓa na duba: Bil□isu. A ƙasa kuma an rubuta □aurin aure. Duk inda ƙ, ɗ ko ɓ ya kamata ya zauna, wani ɗan akwati ne ya mimmiƙe. Salon haruffan da na zaɓa bai san da zaman ƙugiyar Hausa ba. Kuɗin sake bugawa daga kuɗin makarantata ya fita, shi ya sa na zauna na yi binciken da ya kamata in yi tun farko.

Ashe haruffan boko gida biyu ne manya. Na farko ana ce masa serif, wanda wani abokina ya raɗa wa suna Sharif. Su ne masu 'yan ƙananan ƙafafu da huluna a ƙarshen kowane layi, kamar dattijon da ba ya fita sai da hula da takalmi. Babban gidan shi ne Times New Roman, wanda aka zana wa jaridar The Times ta Landan, ta fara aiki da shi a 1932. Ya haura shekara 90, amma har yau shi malamai ke cewa a buga furojet da shi, lamba 12, kamar gado ne aka bar musu.

Gida na biyu shi ne sans-serif, wato Sani Sharif a bakin abokin nawa. Kalmar "sans" Faransanci ce, ma'anarta "babu", ku tambayi 'yan Maraɗi. Su waɗannan ba hula ba takalmi, samari ne 'yan riga da wando. Cikinsu akwai Helvetica da aka haifa a Suwizalan a 1957, da Arial na 1982, da Calibri wanda Microsoft Word ya yi shekaru yana buɗewa da shi tun daga 2007 kafin a sauya shi. A fuskar waya da allon gefen titi sun fi fitowa sarai. Amma suna da nasu aibin. Rubuta Illela da Arial ka gani: sanduna uku ne a jere, ba ka bambance babban I da ƙaramin l. Sharif kuwa, saboda hularsa da takalminsa, ba ya ruɗa ka haka.

Kada ku ce wannan zancen 'yan gayu ne. A Pakistan a 2017, masu bincike sun gano cewa wata takarda da 'yar firaminista Nawaz Sharif ta gabatar, mai ɗauke da kwanan watan 2006, da Calibri aka buga ta, alhali sai 2007 ya shiga hannun jama'a. A ƙarshe kotu ta sauke firaministan bisa wani dalili daban, amma duniya ta sha dariya: Sani Sharif ya ba da shaida a kan Sharif.

Mu dai Hausawa rigimar hula da takalmi ba ita ce babbar damuwarmu ba. Tamu ita ce ƙugiya. Cire ta daga baƙi ka koma baki, sai ka ji an ce "baki sun iso, a kai musu ruwa". Cire ta daga ƙafa ka sami kafa. Mafi muni, mai kishin ƙasa in ya rasa ƙugiya ya zama mai kishin kasa, wato macijin nan mai barci a kan hanya. Tun shekarun 1930 aka shigo da waɗannan haruffa cikin rubutunmu, zamanin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Abin kunya ne a ce masu jera dalma da hannu sun kula da su, mu masu waya a aljihu mu yar da su.

Wani abin dariya, akwatin nan da ya ba ni kunya masana kwamfuta suna kiransa "tofu", wato awara. Har kamfanin Google ya fitar da wasu haruffa masu suna Noto, ma'ana "ba awara". Ke nan awara na raba wa mutanen Magami a katin biki, ba ko yaji.

Ga darasin da na saya da kuɗina, na ba ku kyauta. Kafin a buga muku komai, rubuta "ƙoƙon ɗan ɓaure" da manya da ƙananan baƙaƙe a salon da kuka zaɓa. In kun ga akwati, ko kun ga ƙ ɗin ya fi 'yan uwansa ƙiba kamar baƙon da aka aro, ku canza. Noto, Charis da Andika duk suna da ƙugiyoyinmu, kuma kyauta ake sauke su. Sannan a mayar da takardar PDF kafin a kai shago, a buga kwafi ɗaya tak, a karanta shi da ido biyu.

An ɗaura aure lafiya, amarya ta tare. Sai dai har yau in Kawu ya hango ni sai ya ce, "Ga mai akwati nan ya taho." Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.