A MAYAR DA KAYA TUKUNA, SANNAN A NEMI GAFARA

Daga Wani Tsohon Ɗalibi

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan wani abu da ba mu cika kiransa da sunansa ba. Idan yaro ya shiga kanti ya zari alewa ko biro ko sabulu ya sa a aljihu, sai ka ji ana cewa ɗauke-ɗauke ne, ko kuma ƙuruciya ce. Sunansa dai sata. Ra'ayina kuwa shi ne, wanda ya ɗauka ya mayar da hannunsa, wanda aka ɗaukar wa kuma ya yafe tun magana ba ta bar bakin kanti ba.

Ni kaina na taɓa yi. A Gagarawa Tasha na tashi, garin da ya samo sunansa daga tashar jirgin ƙasa ta layin da ya haɗa Kano da Nguru tun 1930. Kusa da tashar akwai wani ɗan kanti na wani dattijo da muke kira Baba. Wata ranar Alhamis, manya sun tafi kasuwar Maigatari, aka aike ni sayen ashana. Baba ya juya baya yana auna wa wata yarinya sukari, ni kuma na sunkuce gwangwanin madara guda, na shanye a bayan gida. Da yamma mahaifiyata ta tsinci gwangwanin, ta tambaye ni inda na samo. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mahaifina bai taɓa ni da bulala ba. Bayan gari ya yi shiru ya kama hannuna har kantin, ya ce, "Malam, ga ɗanka, yana da magana." Sannan ya koma gefe. Ban taɓa faɗin magana mai nauyi kamar wannan ba. Da na gama, mahaifina ya sa hannu a aljihu, sai Baba ya ce, "A'a, ba kai ka sha ba." Ya dube ni ya ce, "Yaro, gobe ka zo." Kwana huɗu ina share masa gaban kanti, ina ɗebo masa ruwa. A rana ta huɗu ya ce, "Ka biya. Na yafe maka duniya da lahira." Har ya rasu ban ji labarin a bakin kowa ba.

Da farko dai, ya kamata mu san abin da ake cire wa mai kanti. Mai ƙaramin kanti a Gagarawa ko Gumel ko Sule Tankarkar yakan saro kayansa daga Kasuwar Singa ta Kano ko daga hannun wanda ya saro a can, ga kuɗin mota, ga kuɗin dako. Mu ɗauki misali: a ce katan ɗaya yana da gwangwani 48, ribarsa duka kuma ba ta wuce kuɗin gwangwani 4 ba. Wanda ya sace guda ɗaya ya tafi da kashi ɗaya cikin huɗu na ribar, kuma sai mai kanti ya sayar da kusan dozin kafin ya cike gurbin. Idan yara huɗu suka yi haka, ya yi wahalar banza. Na biyar kuwa uwar kuɗi ya taɓa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abu na biyu, cewa "ka yi haƙuri" ba ta mayar da madara cikin katan. Addinan da muke bi sun haɗu a kan wannan. Malaman Musulunci suna koyar da cewa tuba tana da sharuɗɗa: a daina, a yi nadama, a ƙudura ba za a koma ba, idan kuma haƙƙin wani ne, a mayar masa. A cikin Attaura, littafin Fitowa sura 22, wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar zai biya huɗu, na sa kuwa biyar. A Linjila, Luka sura 19, Zakka mai karɓar haraji da ya tuba ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Dokar ƙasa ma ta san haka: dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka da gwamnatin tarayya ta kafa a 2015 ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya mayar da kaya ko ya biya diyya, ko ya yi wa al'umma aiki maimakon zaman kurkuku.

Abu na uku ya shafi mai kanti. Da zarar ya ɗaga murya ya ce "Ɓarawo!", magana ta fita hannunsa, domin taron mutane ba ya tambayar shaida. Ranar 5 ga Oktoba 2012, a garin Aluu na Jihar Ribas, an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bayan an yi musu ihun ɓarayi. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa saboda wannan ta'asa, amma ba ta dawo wa iyaye da 'ya'yansu ba.

Kotu ma idan ta karɓi magana, mai kaya ba shi da sauran iko. Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka kafa shari'ar Musulunci a 2000, kuma a watan Maris na shekarar aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara saboda satar saniya. Malamai dai sun sa wa wannan hukunci sharuɗɗa masu tsauri, kamar darajar kayan da wurin da aka ajiye su, kuma Halifa Umar ya dakatar da shi a shekarar yunwa. Akwai kuma labarin Safwanu ɗan Umayya, wanda aka sace wa mayafi yana barci. Ya kai ɓarawon gaban Annabi Muhammadu (SAW), da ya ji hukunci sai ya ce ya yafe, aka nuna masa cewa tun kafin ya kawo ƙara ya kamata ya yi haka. Ashe yafiya ma tana da lokacinta.

Na san wani zai ce, "Idan ka yafe yau, gobe goma za su zo." Gaskiya ne, idan yafiyar ta kawar da kai ce. Amma yaron da ya tsaya gaban mai kanti ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya kuma biya da guminsa, ya sha wuyar da ta fi bulala. Wanda aka zagaya da shi kasuwa ana yi masa ature kuwa ya rasa kunyar da za ta hana shi komawa. Ban ce a bar wanda ya mai da sata sana'a ba. Wannan sai mai unguwa da hukuma. Shi ma mai kanti ya kula da ajiyarsa, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda kuma yunwa ta sa shi ɗaukar burodi, maƙwabta su tambayi kansu inda suke.

Wani kuma zai ce, "Tunda zai yafe, me ya sa zai karɓi biya?" Mai kaya yana da damar ya bar kayansa, amma shi ke da wannan zaɓi, ba wanda ya ɗauka ba. Da Baba ya karɓi kuɗin mahaifina, ko ya sallame ni haka nan, da na koyi cewa sata tana da sauƙi.

A ƙarshe, ya kai mai karatu, idan akwai kantin da kake bi ta gabansa kana sunkuyar da kai, wannan hutun ka je. In kana jin nauyi, ka tafi da wani babba. In ba ka da kuɗi, ka biya da aiki. In mai kantin ya rasu, magadansa suna nan. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Gara kai ka zaɓi ranar nan da ƙafarka. Allah ya sa mu dace, amin.